Kundin aikin ƙamus: kalmar “rough” da iyakar “kaushi”

8 ga Janairu, 2025

Aikin ƙamusun ɗalibai na Turanci da Hausa ya iso harafin R, kuma mun buɗe wa *rough* fayil nata daban, domin ba za ta shiga cikin layuka uku ko huɗu da ake ba yawancin kalmomi ba. Ɗalibin sakandare yana cin karo da ita a wuraren da a idonsa ba su haɗa hanya ba: a bayan littafin lissafi inda malami ya ce a yi *rough work*, a tambayar fiziks, a ɗakin gwajin kemistiri, a labarin ƙwallo, a bakin makanike. Amsar da ya haddace tun firamare ɗaya ce, “mai kaushi”. Amsar daidai take idan fata ko bango ko katako ake magana. Daga nan ƙarfinta ya ƙare.

Ƙa'idojin da za mu bi su ne na sauran ƙamusun. Kowace ma'ana da lambarta, da fassararta ta Hausa, da misalai biyu waɗanda kowanne bai wuce kalmomi 12 ba, da alamar inda ake faɗin haka, Birtaniya ko Amurka ko Najeriya, da kuma ko maganar baka ce ko ta rubutu. Jimlolin da za mu auna da su daga rumbunan rubutu uku muke ɗebo su: BNC na Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, COCA na Turancin Amurka, da sashen Najeriya na ICE mai kalmomi kusan miliyan ɗaya.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake jera jimlolin. Ba a fara da ma'ana. Ana tara su ne bisa sunan da ya biyo bayan kalmar: duk na *road* wuri ɗaya, duk na *skin* wuri ɗaya, haka *sea* da *draft* da *voice*. Sai a rufe Turancin, a tambayi kai abin da Bahaushe ke cewa idan hanya ko fata ko murya ta shiga wannan hali. Wanda ya fara da buɗe “kaushi” a ransa sannan ya nemi cusa ta cikin kowace jimla, zai ƙare da “teku mai kaushi” da “lissafi mai kaushi”, maganar da babu mai yin ta.

15 ga Janairu

Furuci da rubutu. Haruffa biyar ne, sautuka uku. Mun rubuta jagoran furuci da “raf”, da gajeren wasali irin na “rafta”. A nan Bahaushe ya yi sa'a, domin gajeren *a* na Hausa ya fi kusa da wasalin Turancin kudancin Ingila fiye da *o* ɗin da ake yawan ji a kudancin Najeriya, inda kalmar ke fita kamar “rof”. Matsalarmu tana ƙarshen kalmar. *F* ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, kuma a ƙarshen gaɓa takan koma *p*, ta Turanci kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Idan wasali ya karkata zuwa *o* kuma baƙin ya zama *p*, mai sauraro zai ji *rope*, igiya. Idan ɗalibi ya bi harafin *u* da yake gani a takarda, sai ta fito *roof*, rufin ɗaki. Mun sa waɗannan biyun a gefen shafi a matsayin gargaɗi.

Dalilin da ya sa ake rubuta *gh* ana furta *f* tarihi ne. A tsohon Turanci kalmar *ruh* ce, da dogon wasali da sautin maƙogwaro a ƙarshe, irin na harafin Larabci da ke farkon “khalifa”. Sautin ya ɓace daga bakin Turawan Ingila: a wasu kalmomi ya koma *f*, a wasu ya yi shiru, amma rubutun ya zauna yadda yake. Shi ya sa *rough* da *tough* da *enough* suke tafiya tare, *cough* ta ɗan bambanta a wasali, su kuwa *though* da *through* da *plough* da *thought* kowacce da nata furucin. Jamusanci yana da 'yar'uwar kalmar, *rau*, wadda ake rubuta ta da *h* a ƙarshe har zuwa gyaran rubutu na 1996. A arewacin Ingila har yau ana furta ta da gajeren *u*. Mun ambaci wannan a layi ɗaya saboda masu sauraron 'yan ƙwallo da magoya baya daga Manchester da Newcastle kada su ɗauka kunnensu ne ya samu matsala.

Tarihin zai shiga akwati ɗan ƙarami. *Ruffian*, wato ɗan daba, ba daga wannan tushe take ba duk da kamannin sauti, ta bi ta Faransanci da Italiyanci ne, don haka ba ta cikin dangin da za mu jera.

27 ga Janairu

Ma'ana ta 1, abin da hannu ke ji. A nan “kaushi” ta zauna daram: hannun manomi, fata a lokacin hunturu, bawon itace, harshen kyanwa, bangon da aka watsa wa siminti ba a shafe ba. Mun ba da sifar Hausa da jam'inta, kakkausa da kausasa, domin ɗalibai su iya juya jimla ta kowace fuska. Misalin da aka zaɓa shi ne *My hands get rough in the harmattan*, “hannuwana kan yi kaushi da hunturu”. Tsagewar diddige kuwa faso ne, Turancinsa *cracked heels*, mun raba su.

Wurin da aka daɗe ana muhawara shi ne kishiyar kalmar. Turanci na da *smooth* da *soft*, Hausa na da santsi da laushi, amma layukan ba su dace da juna ba. Kishiyar *rough* ta asali ita ce *smooth*. Sai dai santsi a Hausa ya haɗa da zamewa, abin da Bature zai ce *slippery*. Idan aka ce tayil na da santsi, mai ji zai yi hattara da ƙafarsa ne. Ga fata da yadi kuma Bahaushe laushi yake cewa. Shawarar da aka tsaya a kai: a rubuta “sumul, mai santsi” ga katako da ƙarfe da bango, “mai laushi” ga fata da tufafi.

Sai *coarse*, wadda ita ce ke yawan rikita masu fassara daga Hausa zuwa Turanci. *Rough* tana magana ne a kan fuskar abu, *coarse* a kan girman ƙwayoyin da suka haɗa shi. Garin da bai niƙu ba, tsakin masara, gishiri mai manyan ƙwayoyi, yashin rafi na kankare, duk *coarse* ne, kishiyarsu *fine*. Mai niƙa da aka ce ya ɓarza hatsi, *coarse* aka nema. Samfefa ita ce misalin da ya fi fito da bambancin, domin idan ka taɓa ta *rough* ce, amma a jikin kwalinta *coarse* za ka gani. Lambar da ke bayanta tana nuna girman ƙwayar: P40 zuwa P60 masu manyan ƙwayoyi ne na cire tsohon fenti, P80 zuwa P120 matsakaita, daga P150 zuwa P220 na gama gugar katako kafin a shafa fenti ko banish. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi sosai, abin da sabon yaron kafinta kan ɗauka a juye. Wanda ya tsallaka daga P60 kai tsaye zuwa P220 zai ga zanen farko ya fito ɓaro-ɓaro bayan fenti ya bushe, domin mai laushin ba ta da ƙarfin share ramukan da mai kaushin ta bari. Yadi da gashi suna karɓar kalmomin biyu duka.

5 ga Fabrairu

Ma'ana ta 2 da ta 3, ƙasa da ruwa. *Rough road* hanya ce mai gargada, kuma wannan ita ce fassarar da muka sa a gaba. Ramuka kalmarsu daban, *potholes*. Hanyar burji da ta yi layi-layi bayan damina har mota na kakkarwa, gargada ce ko da babu rami ko ɗaya. *Rough ground* da *rough country* kuwa mun ba su “ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai, mai wuyar bi”. Kusa da su akwai *rugged*, wadda ake faɗa wa tsaunuka da kuma kayan aiki masu jure wahala, kuma sau da yawa yabo ce, alhali *rough* ba ta cika zama yabo ba.

Injiniyoyin hanya suna auna gargada da ma'aunin IRI, wanda Bankin Duniya ya tsayar a 1986 bayan gwajin da aka yi a Brazil a 1982. Ana lissafa jimlar hawa da saukar da sifirin mota ke yi a kan kowace kilomita, a ba da sakamako da mita a kilomita. Sabuwar kwalta mai kyau takan tsaya wajen 2 ko ƙasa, lalatacciyar hanyar burji takan haura 10. A rahoton irin wannan aiki *roughness* gargada ce, ba kaushi ba, kuma mun sa wannan a bayanin sunan.

*Rough sea* teku ne da igiyarsa ta yi ƙarfi. Ga mai karanta labari wannan ya isa. Ga masu jiragen ruwa kalmar tana da iyaka da lamba. A ma'aunin Douglas, wanda hasashen yanayin teku ke bi, mataki na 4 shi ne *moderate*, igiya mai tsayin mita 1.25 zuwa 2.5. Mataki na 5 shi ne *rough*, mita 2.5 zuwa 4. Na 6 *very rough*, mita 4 zuwa 6. Daga nan sai *high*. Wato a wannan jeri *rough* tana tsakiya ne, ba ita ce ƙololuwa ba. Mai fassara labarin hatsarin kwalekwale a Bahar Rum da ya mai da ita “guguwa” ya ƙara wa labarin abin da babu a ciki. *Rough weather* iska ce da ruwan sama mai ƙarfi, *rough flight* kuma tafiyar jirgin sama ce mai jijjiga.

17 ga Fabrairu

Ma'ana ta 4 ita ce mafi amfani ga ɗalibi, ita ce kuma “kaushi” ba ta taɓa ko gefenta ba: abin da aka fara ba a gyara ba, ko aka yi shi ba da ƙididdiga ba. Da farko an so a haɗa ta wuri ɗaya, amma Hausa ta tilasta raba ta gida uku a ƙarƙashin lambarta.

Na farko, aikin hannu ko na alƙalami. *Rough draft* daftarin farko ne. *Rough sketch* zane ne na gurguje. *Rough work* lissafin gefe ne da ɗalibi ke yi kafin ya rubuta amsa. Abin da muke son ɗalibi ya gane shi ne kalmar a nan ba zargi ba ce. Daftarin farko ba mummunan aiki ba ne, mataki ne, kuma malamin da ya nemi *rough draft* bai nemi aikin jeka-na-yi-ka ba. Saboda haka mun cire “maras kyau” daga jerin fassarar wannan lamba gaba ɗaya.

Na biyu, lamba da tunani. *Rough estimate* ƙiyasi ne, *rough guess* kintace, *rough idea* fahimta ta sama-sama. Magini da ya dubi fili ya ce bulo dubu biyu za su isa, ƙiyasi ya yi. Bayanau ɗin *roughly* a gaban lamba yana nufin “kimanin” ko “wajen”. A nan akwai tarko: *roughly* ba “kusan” ba ce ko da yaushe. “Kusan ɗari” na nuna ba a kai ɗari ba, wato *almost* ko *nearly*. *Roughly a hundred* kuwa na iya zama 95, na iya zama 105. A rahoton kuɗi ko na adadin mutane wannan bambanci yana da nauyi. A ɗakin gwajin kemistiri ma kalmar na nan: *rough titre* shi ne awon farko da ake yi da sauri don a san inda launi zai juya, kuma ba a sa shi cikin lissafin matsakaici. Ɗalibin da ya haɗa shi da sauran awon ya ɓata amsarsa, domin a zubin farko yawanci an wuce wurin juyawar.

Na uku, kayan da ba a sarrafa ba. Hausa na da “ɗanye”, kalmar da ta rufe wurin da Turanci ya raba wa kalmomi uku. Ɗanyen nama *raw* ne, ɗanyen mai *crude* ne, ɗanyen lu'ulu'u *rough* ne, kuma ba a musanya su. Tsarin Kimberley na sa ido kan cinikin lu'ulu'u tsakanin ƙasashe, wanda ya fara aiki a 2003, a kan *rough diamonds* kaɗai yake, wato duwatsun da ba a yanka ba a goge ba. Lu'ulu'un Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 nauyinsa karat 3,106 ne a ɗanyensa, kuma yanka da guga kan cinye rabin nauyin dutse ko fiye. A kasuwar hatsi ta Amurka *rough rice* shinkafa ce da ɓawonta, abin da wasu ƙasashe ke kira *paddy*. Mu kuwa muna da kalma guda tsayayya, shanshera, kuma ita muka sa. *Rough-sawn timber* katako ne yadda ya fito daga bakin zarto. A Amurka katakon da ake kira biyu-da-huɗu, bayan an busar an goge shi, inci 1.5 ne da inci 3.5. Sunan na awon ɗanyensa ne.

Idan aka dubi waɗannan tare da ma'ana ta 1, ana ganin zaren da ya haɗa su: abu ne da hannun mai gyara bai bi ta kansa ba tukuna. Mun rubuta wannan a layi ɗaya a saman bayanin, domin ɗalibin da ya riƙe shi zai iya cankar ma'anar haɗin da bai taɓa gani ba.

3 ga Maris

Ma'ana ta 5 da ta 6, mutane da halin rayuwa. Wannan sashe ya fi kowanne cin lokaci.

*Rough play* a filin ƙwallo keta ce, yadda masu sharhin wasanni ke faɗa. Tsakanin yara kuma wasan ƙarfi ne da ture-ture, ba lallai da mugun nufi ba. *Don't be rough with the baby* na nufin a bi jariri a hankali. *Rough handling* na kaya shi ne jifa da wurgi wajen lodi. *A rough area* unguwa ce da ake yawan faɗa da ƙwace, kuma mun ƙi sa sunan kowace unguwa a misali, ta gida ko ta waje, domin ƙamus ba wurin liƙa wa mutane suna ba ne.

Babban tarkon yana wajen murya. *A rough voice* murya ce mai gurza a maƙogwaro, irin ta wanda mura ta kama ko ya daɗe yana shan taba. Idan ta dishe gaba ɗaya, *hoarse* ce. “Kakkausar murya” ta Hausa kuwa, wadda ake ji kullum a labaran rediyo, ba ta da alaƙa da maƙogwaro. Gwamnatin da ta yi Allah wadai da kakkausar murya ta yi magana ne da zafi, Turancinsa *in strong terms* ko *harshly*. Kalmomin biyu sun yi kama har mai fassara zai ɗauka ya samu daidai, kuma jimlar da za ta fito ba ta da kuskuren nahawu da zai tona ta. Haka “kausasan kalamai” *harsh words* ne. Mun ba wannan akwatin gargaɗi mafi girma a shafin, kuma mun tura mai karatu zuwa *harsh*.

Ta fuskar wahala, *a rough time* da *a rough year* lokaci ne na tsanani. *A rough night* dare ne da ba a samu barci ba, saboda ciwo ko kukan yaro. *That's rough on her* tausayawa ce, “abin bai yi mata daɗi ba, ba a kyauta mata ba”. *I feel rough* ta Birtaniya ce kuma ta baka, “ba na jin daɗin jikina”. *Sleep rough* ma ta Birtaniya ce, kwana a titi ko tasha saboda rashin muhalli, kuma ta shiga harshen hukuma: a Ingila ƙananan hukumomi na ƙirga *rough sleepers* a dare guda kowace kaka. Ba a faɗin ta ga wanda ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi. Nahawun wannan ma abin lura ne, domin *sleep rough* ba ta ɗaukar *ly*. Wanda ya “gyara” ta zuwa *sleep roughly* ya ɓata ta.

7 ga Afrilu

An dawo aiki bayan Sallah, da tambayar da aka jingine: me za a yi da ma'anonin da Turancin Najeriya ya ba kalmar?

Guda huɗu ne suka fi fitowa. *My shirt is rough*, riga ta yamutse tana son guga, inda Birtaniya ke cewa *creased* ko *crumpled*, Amurka *wrinkled*. Daga nan aka samu aikatau, *don't rough my clothes*. *His handwriting is rough*, rubutun jagwalgwalo, wato *untidy*, haka ɗakin da aka hargitsa. *A rough driver*, mai tuƙin ganganci, wato *reckless*. Sai *rough-handle*, a ci kwalar mutum a jijjiga shi, inda ƙamusoshin waje ke da *manhandle* da *rough up*.

Ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na ganin ƙamusun ɗalibai bai kamata ya ɗauki abin da mai duba jarrabawa zai iya ja wa jan layi ba. Matsayin da aka tsaya a kai, kuma muna ganin shi ne daidai, a sa su duka da alamar “Najeriya”, kowacce da takwararta ta waje a gefe. Miliyoyin mutane na faɗin su kullum kuma suna fahimtar juna, ɗalibi zai ji su ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. Abin da yake buƙata daga gare mu shi ne ya san iyakar inda suke aiki. Idan ya ce wa mai wanki a Landan rigarsa *rough* ce, za a ɗauka yadin ne ke gurzar masa jiki. Ɓoye masa ma'anar gida ba zai kare shi daga wannan ba, kuma kiran ta “kuskure” ƙarya ce.

21 ga Afrilu

Akwatin fannoni. An taƙaita shi zuwa abin da ɗalibin sakandare ko na kwalejin fasaha zai haɗu da shi.

A tambayar fiziks, *a rough plane* umarni ne a ɓoye: a sa gogayya cikin lissafi. *A smooth plane* kuma a yi watsi da ita. Ɗalibin da ya karanta kalmar a matsayin ado ya rasa rabin tambayar. A bayoloji akwai *rough endoplasmic reticulum*, wani sashe na cikin ƙwayar halitta, wanda aka ba sunan saboda ƙwayoyin ribosom da ke manne a jikinsa, inda ake haɗa furotin. A garejin mota *rough idling* shi ne inji ya riƙa kakkarwa yana sama da ƙasa alhali mota na tsaye, kuma abubuwan da ake fara dubawa su ne filogi, da matatar iska, da nozul, da tiyon da ke shan iska ta wurin da ya tsage.

A zanen injiniya kaushin ƙarfe yana da lamba, Ra, da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ana jan wata siririyar allura a kan ƙarfen, yawanci tsawon milimita 4 da aka raba gida biyar na 0.8, na'ura ta fitar da matsakaicin tudu da kwarin da ta bi. Ƙarfen da aka zuba a ƙirar yashi yakan ba da 12.5 zuwa 25. Sassaƙar inji ta yau da kullum 3.2 ce ko 1.6. Mazaunin boris yakan nemi 0.8 ko ƙasa, wanda sai an yi guga da dutse. *Roughing* a wannan sana'a shi ne yankan farko mai zurfi da ke cire yawancin ƙarfen, a bar kaɗan don yankan ƙarshe. A nan ma'ana ta 1 da ta 4 sun haɗu a kalma ɗaya.

An cire ma'anar wasan golf, wato doguwar ciyawar gefen fili, zuwa layi ɗaya ƙarƙashin suna. Hukuncin *roughing* na ƙwallon Amurka da na hoki an bar shi gaba ɗaya.

5 ga Mayu

Aikatau da salon magana. *Roughen* shi ne sa abu ya yi kaushi, kamar yadda mai faci ke kankare tib kafin ya shafa gam. *Rough out* a zana ko a tsara a gurguje. *Rough up* a cukume mutum da ɗan duka don a tsorata shi, bai kai lakaɗa duka ba. *Rough it* a yi maleji na ɗan lokaci babu wuta babu katifa, yawanci da son rai, saboda haka ba a faɗin ta ga talakan da haka rayuwarsa take. *Roughage* shi ne ɓangaren abinci irin su dusa da ganye da ciki ba ya narkarwa amma yana taimaka wa bayan gida.

Salon magana biyu sun samu takwarori na gida. *Ride roughshod over* ta samo asali ne daga dokin da aka yi wa takalmi mai ƙusoshi a waje don kada ya zame, Hausa kuma na da “hawan ƙawara”, ita ma daga doki, kamar a ce an yi wa doka hawan ƙawara. *Take the rough with the smooth* ta dace da “wata rana zuma, wata rana maɗaci”. Sauran ba mu tilasta musu karin magana ba. *Rough and ready* an bayyana ta da “ba ado amma yana biyan buƙata”. *Rough justice* hukunci ne da aka yanke ba tare da bin diddigi ba. *A rough diamond* a Birtaniya mutumin kirki ne da bai iya lallausan lafazi ba, *a diamond in the rough* a Amurka kuwa ta fi karkata ga mai baiwar da ba a riga an horar ba, don haka kowacce da layinta.

Yadda bayanin yake yanzu: sifa mai ma'ana shida, da suna, da aikatau, da bayanau, da akwatuna huɗu na furuci, na tarihi, na murya, da na fannoni. Ya kai shafi ɗaya da rabi, wurin da aka ware masa kuwa shafi ɗaya ne. Za a rage tarihin kalmar da misalan katako, ba za a taɓa akwatin murya da ma'anonin Turancin Najeriya ba. Kafin a rufe fayil ɗin sai an daidaita shi da bayanin *coarse* da *crude* da *harsh* da aka riga aka rubuta, domin a waɗancan ma an yi amfani da “kaushi” da “ɗanye”, kuma dole kowanne ya tura mai karatu zuwa ɗan'uwansa da lambar ma'anar da ta dace. *Rugged* da *smooth* suna cikin aikin wata mai zuwa.